Amanar Ilimi a Zamanin Na'ura Mai Rubutu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, a watan Nuwamba na shekarar 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, manhajar da za ka yi wa tambaya ta rubuto maka amsa shafi-shafi kafin ka ƙifta ido. A Janairun 2023 makarantar Sciences Po ta birnin Paris ta hana ɗalibanta yin aiki da ita ba tare da sun bayyana ba. Yau ƴaƴanmu da ke karatu a jami'o'in Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa suna iya samunta a wayar hannunsu. To, ɗalibin da ya miƙa wa malaminsa abin da na'ura ta rubuta, ya sa sunansa a kai, me ya aikata?

Wani zai ce ai bai saci na kowa ba, tunda na'ura ba ta da haƙƙi. Amma haƙƙin yana wajen malamin da aka yaudara, da abokin karatun da ya kwana yana wahala, da al'umma baki ɗaya. Takardar digiri shaida ce cewa wane ya san kaza. Idan bai sani ba, ta zama shaidar zur, kuma majinyacin da zai kwanta a gabansa gobe shi zai biya bashin.

Malaman hadisi, irin su Imamu Buhari, ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta da wanda ya ji daga gare shi. Wannan na'ura kuwa ba ta da isnadi. Kalmomi take jerawa bisa abin da ta tsinta cikin tarin rubuce-rubuce, har takan ƙirƙiro sunan littafin da ba a taɓa wallafawa ba. Wanda ya kwafa bai duba ba, ya haɗa ha'inci da yaɗa ƙarya.

Ba mu ce a jefar da ita ba. Ɗalibi na iya neman ta fayyace masa darasi mai wuya, matuƙar malaminsa ya yarda, ya tabbatar da abin da ta faɗa, ya kuma bayyana inda ta taimaka masa. Ma'aunin shi ne: idan aka karɓe wayar, zai iya kare abin da ya rubuta?

Iyaye kuma, kada mu tsaya ga tambayar maki nawa yaro ya samu. Mu tambaye shi abin da ya fahimta.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga cin amana. Amin.