Amanar Saƙo Tsakanin Sassan Manhaja

Shafin intanet da ɗalibi a unguwar Sauka Kahuta yake buɗewa a wayarsa domin duba sakamakon jarrabawa, irin wadda hukumar NECO mai hedikwata a Minna take shiryawa, galibi an gina shi ne da ƙananan sassa: gurbin rubuta lamba, da maɓallin da ake dannawa, da jadawalin da ke nuna maki. A tsarin gina shafuka na React, wanda kamfanin Facebook ya fitar a shekarar 2013, babban sashe ne yake riƙe da bayani, yana miƙa wa ƙananan sassan da ke ƙarƙashinsa abin da suke buƙata, su kuwa ba su da izinin canza ko harafi ɗaya. Idan aka danna maɓalli, sai ƙaramin sashe ya kai labari sama, babban ya yanke hukunci, sannan sabon bayani ya sake gangarowa.

Dalilin wannan ƙa'ida shi ne cewa idan sassa biyu suka riƙe bayani ɗaya, kowanne yana gyara nasa, to ba za a daɗe ba sai sun saɓa, kuma babu mai iya gane wanda ke kan daidai. Malaman hadisi sun fuskanci irin wannan matsala tun da daɗewa, shi ya sa suka tsaya a kan isnadi, wato jerin mutanen da magana ta bi ta hannunsu, suka kuma sharɗanta wa kowane mai ruwaya adalci da kiyayewa. Imamu Bukhari, wanda ya rasu a shekarar 256 bayan Hijira, ya shahara da tsanantawa a kan haka.

Sai dai akwai bambanci mai girma, domin mai ruwaya yana da niyya, yana iya tsoron Allah ko ya ci amana, alhali sashen manhaja ba ya sanin abin da yake ɗauke da shi. Saboda haka idan makin wani ya fito a ƙarƙashin sunan wani, alhakin yana wuyan wanda ya rubuta umarnin, ba wuyan na'ura ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da tantance labari kafin aiki da shi, don haka ya wajaba matasan da ke koyon wannan sana'a a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna su riƙa gwada kowace hanya da saƙo yake bi kafin su miƙa aikinsu ga jama'a.