Abin Da Ke Riƙe Aure Idan Kogi Ya Shiga Tsakani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Na ce a cikin baiti:

In an rufe gada, kogi ya raba mu,
Alkawarin da muka ɗaura shi zai riƙe mu.

Bayan haka, ya ɗan'uwa, ga sharhinsa. A shekarar 2023, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Mu a nan Guéné muna kan hanyar da motocin Kwatano ke bi zuwa Yamai, mun ga direbobi da fatake sun maƙale wata da watanni, iyalinsu na ƙetare. Wani gidan ya jure, wani ya watse. Me ya bambanta su?

Ka sani, abin da ke tsayar da zuciya a kan aure uku ne. Na farko daɗin zama, shi kuwa yana ƙaruwa yana raguwa kamar ruwan kogin Kwara. Na biyu rashin wurin zuwa, da tsoron bakin mutane, da tunanin 'ya'ya. Wannan yana tsare jiki a ɗaki, amma zuciya ta riga ta fita. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Caryl Rusbult, ta auna irin waɗannan a 1980, ta nuna cewa mutum yana ƙara riƙe abin da ya zuba wahalarsa a ciki. Na uku shi ne amana, wato mutum ya ɗauki auren alkawari ne da Allah ya shaida, kamar yadda Suratun Nisa'i, aya ta 21, ta nauyaya shi. Ni a ganina, na ukun nan ne kaɗai ba ya tsoron nisa.

Sai dai amana tana da abinci. Macen da mijinta ke aiko mata saƙo da ɗan abin cefane, ko ta hannun mai kwalekwale ne, ta san ana tune da ita, haƙuri ya yi mata sauƙi. Wadda aka yi wa shiru, zato yake cin ta. Kada ka ce ai Risala ta Ibn Abi Zaidin ta yanka wa matar wanda ya ɓace shekara 4. Wannan hukuncin wanda labarinsa ya yanke ne. Kai da ke da waya a aljihu, ba ka da wannan uzuri.

Ke ma 'yar'uwa, ki tsare masa gidansa da sirrinsa, kada ki ba mai kawo gulma kunne.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya sa ƙauna da jinƙai a tsakani. Amin. Wallahu a'alamu.