Da Wace Manhaja Aka Zana Shahadar Ɗanki?



Bara, da muke shirin walimar saukar ɗalibai a Islamiyyarmu, sai aka ɗora mini aikin tsara shahadodi da katin gayyata, saboda an san na ɗan taɓa kwamfuta tun ina kwaleji. Na kai tawa wurin wani mai gyara na ce ya sa mini abin zane. Nan da nan ya zuba mini CorelDRAW da Photoshop, ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan ya rage murya ya ce, "Malama, kar dai ki hau intanet da su, za a gano." Wallahi wannan "za a gano" ita ta tsaya mini a rai. Ni da nake koya wa yara amana da yamma, ga ni da dare ina zana shahadar Alƙur'ani da kayan da ake ɓoye wa mai su.

Na san abin da za ki ce, 'yar'uwa, don ni ma na faɗa wa kaina. Wanda ya saci akuya ya raba mai ita da ita, amma wanda ya kwafi manhaja bai rage wa kamfani komai ba, tasu tana nan yadda take. Ga shi kuma kuɗinsu da dala ne. Tun 2013 ma kamfanin Adobe ya daina sayar da sabuwar Photoshop, sai dai ki yi haya kamar ɗakin kwana. To matar da ke zana tallar turaren wuta da atamfa a tsakar ɗakinta, ina za ta samo? Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba, kuma akwai malaman da ke ganin ilmi ba abin killacewa ba ne. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. In kuma fatawa ta yi miki nisa, tambayi marubuciyar da ta kwana tana rubuta littafi, gari ya waye ta tarar ana rabonsa a WhatsApp. Ki ce mata ai ba ta rasa komai ba, ki ji amsarta.

Uzurin da ya rage mana shi ne larura. Amma larura sai in babu wata hanya, alhali hanyar tana nan, mu ne ba mu neme ta ba. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara kira da a riƙa yin manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma kwafa wa maƙwabcinsa. Daga wannan tafiya aka samu GIMP ta gyaran hoto, wadda ta fito tun 1996, kuma aka saki sabon zubinta na 3.0 a 2025. Akwai Inkscape ta zanen tambari da kati, da Scribus ta jera shafukan mujalla, da Krita ga mai zane da hannu. Ke da kike ɗaukar karatun malamai kina son share hayaniyar yara daga ciki, Audacity ta ishe ki. Masu su ne da kansu suka ce a ɗauka.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Blender, manhajar yin hotuna masu motsi. Kamfanin da ke da ita a ƙasar Holan ya karye a 2002, ta zama kamar kayan da aka kulle a shago mai shi ya tafi. Sai wanda ya ƙirƙiro ta, Ton Roosendaal, ya roƙi jama'a su yi karo-karo a fanshe ta. Cikin mako 7 aka tara yuro 100,000, aka biya masu jari, aka sake ta ga duniya. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Da na karanta wannan, sai Rijiyar Ruma ta faɗo mini, wadda Sayyidina Usman, Allah Ya ƙara masa yarda, ya saya a Madina ya bar wa jama'a su sha. Ban ce hukuncinsu ɗaya ba, kar a je a ce Malama ta yi fatawa. Amma dubi sharaɗin da ke kan irin wannan manhaja: duk wanda ya gyara ta ya raba, ba shi da ikon ya sa mata kwado. Ashe bai yi kama da wakafi ba?

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wahala. Hannun da ya saba da wani wuri sai ya yi ta lalube. Na yi kusan mako 2 ina fama da Inkscape, ranar farko har maigida yana tsokanata wai ko kwamfutar ce ta yi mini laifi. Mai buga takardu shi ma ya tubure sai dai in kawo aikin a CorelDRAW, da ƙyar ya yarda ya karɓi PDF, ya buga, ya fito tsaf. Wadda kuma sana'arta ta dogara da manhajar kuɗi, kuma tana samu da ita, ni a ganina ta biya kawai, kamar yadda take biyan kuɗin shago.

Katin gayyatar dai ya riga ya fita da waccan, wannan sai istigfari. Shahadodin ne na sake daga farko. Bayan walima na koma wurin mai gyaran nan na ce ya goge mini abin da ya sa. Ya yi dariya, ya leƙa shahadar da ke kan allon, ya tambayi sunan abin da na yi ta da shi, sannan ya miƙo mini filas ɗinsa. Ya ce, "Ita ma kar a hau intanet da ita?" Na ce ya hau abinsa, ya kuma zuba wa duk wanda ya zo.