ZAMAN ALHAJI DA ABOKAN TAFIYARSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutane launi-launi da harsuna dabam-dabam. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kowace shekara maniyyata daga Gafasa da sauran garuruwan Ajingi da Gaya sukan halarci bita, a koya musu ɗaura harami da ɗawafi da jifa. Amma akwai wani babi da ba safai ake tsayawa a kansa ba, watau zaman mutum da abokan tafiyar da ba shi ya zaɓe su ba. Manomin da ya sayar da gyaɗa da shanu, ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera, babbar hasara ce a ce ya je ya zubar da ladansa a bakin famfo, a kan wanda zai fara alwala.

Tun daga sansanin alhazai na Kano ake haɗa mutum da baƙin ido, a Makka kuwa abin ya wuce nan. A shekarar 2024 mutum fiye da miliyan 1.8 suka tsaya a Arfa, Turkawa da Indiyawa da mutanen Indunusiya da Larabawa, kowa da harshensa da ɗabi'arsa. Wannan bambanci Allah Ya sanya shi cikin ayoyinSa a Suratur Rum, aya ta 22, kuma Ya bayyana a Suratul Hujurat, aya ta 13, cewa hikimarsa ita ce mutane su san juna. A Suratul Baƙara, aya ta 197, an jera jayayya cikin abubuwan da aka hana mai aikin hajji, tare da batsa da fasiƙanci.

Inda jayayyar ta fi tasowa shi ne sahun salla. Wanda ya tashi a kan Ahalari da Ishmawi da Risala zai ga mutumin Pakistan ya ɗora hannu ƙasa da cibiya, ya yi wutiri raka'a uku da sallama ɗaya. Wannan Bahanafe ne. Zai ga na Indunusiya ya bayyana Bisimilla, ya yi alƙunutu bayan ruku'u, yana kuma kiyaye kada fatarsa ta taɓa ta mace a wurin ɗawafi, domin a mazhabar Shafi'i taɓawar tana karya alwala ko babu sha'awa. Duk waɗannan suna da malamai da hujjoji. Ya zo a tarihi cewa Halifan Abbasiyya ya so ya tilasta wa dukkan Musulmi bin Muwaɗɗa, sai Imamu Malik da kansa ya hana, saboda sahabbai sun watsu cikin ƙasashe, kowace ƙasa ta riƙi abin da ya iso gare ta. To, idan mai littafin ya ƙi a tilasta wa kowa, ina dalilin almajirinsa na jan rigar baƙo a Harami?

Sai kuma al'adu. Wasu mutane sukan yi tafiya a jere riƙe da juna don kada su ɓace, ba don su tare hanya ba. Wasu maganarsu da ƙarfi take, ba faɗa suke yi ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Shi ma Bahaushe ya tuna akwai nasa da ke damun wasu: tofar da yawu, da hira cikin hema bayan mutane sun kwanta, da tsallake layi. Wanda ke son a yi masa uzuri, lalle ya fara yi wa wani.

Kakannin alhazan yau da suka bi ta Fort Lamy da El Obeid zuwa Suwakin a ƙasa sun yi shekaru a hanya, suna ƙodago a gonakin mutanen da ba su jin harshensu. Da haƙuri da amana suka sami masauki, har zuriyarsu na nan a Sudan. Wanda jirgi ya kai cikin sa'o'i kaɗan ya fi cancanta ya daure makonni.

Ko babu harshe ɗaya, sallama ɗaya ce. Matsa wa tsoho wuri, da miƙa ruwan Zamzam, da nuna wa ɓatacce hanya, ba su bukatar tafinta, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya kiyaye hajjinsa daga batsa da fasiƙanci zai komo ba zunubi a kansa. Wannan ce tsarabar da ta fi tazbaha da darduma.

Allah Ya kai alhazai lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya karɓi ibadarsu. Amin.