Amanar Sirri a Zamanin Wayar Salula

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Mai suturta bayinSa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, ku sani Allah Ya sanya wa kowane mutum shamaki wanda bai halatta a ƙetare shi ba sai da izninsa. A cikin Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, an hana mu shiga gidan da ba namu ba sai mun nemi izni mun yi sallama, in kuma an ce mu koma, mu koma. A cikin Suratul Hujurat, aya ta 12, an haɗa hani uku wuri guda: mugun zato, da leƙen asirin mutane, da giba. Malamai sun ce jerin nan yana da hikima, domin zato ke tura mutum ga bincike, bincike kuma ke kai shi ga cin naman ɗan uwansa.

A da, sirrin mutum yana bayan katangar gidansa. Yau ya koma cikin waya: hotunan iyali, da muryoyin da miji da mata suka aika wa juna, da lissafin bashi, da takardun likita. Hukuncin ƙofar gida shi ne hukuncin wannan waya. Wanda ya buɗe ta ba da yardar mai ita ba, ya haura katanga ne, ko da bai motsa daga tabarmarsa ba.

Mu duba hannuwan da sirrinmu ke ratsawa kullum, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Akwai mai gyaran waya a kasuwa, wanda ake ba shi lambar buɗewa. Akwai mai rajistar layi, wanda ke riƙe da hoton katin ɗan ƙasa. Akwai ma'aikacin aika kuɗi, wanda ya san nawa ɗan ci-rani ya turo wa mahaifiyarsa. Akwai ma'aikacin asibiti da ke shigar da sakamakon gwaji a kwamfuta. Kowanensu an damƙa masa amana. Hadisi ingantacce ya ƙirga cin amana cikin alamomin munafuki guda uku. Shin mai gyaran da ya kwashe hotunan matar aure daga wayar da aka kawo masa, da wace hujja zai tsaya gaban Ubangijinsa?

Sannan sai mu kanmu. Mutum ya faɗa wa abokinsa magana ta amana, abokin ya naɗi muryarsa a ɓoye ya saka a WhatsApp, kafin la'asar ta zaga gari. Imamul Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya saurari zancen mutane alhali ba su so, za a zuba masa narkakkiyar darma a kunne ranar ƙiyama. To, ina ga wanda ya saurara, ya naɗa, ya yaɗa? Irin wannan aiki yana kashe aure, yana hana budurwa miji, yana raba zumunci. Magana zarar bunu ce, kuma abin da ya hau intanet mai shi ba ya iya janye shi. Wanda ya tura gaba abokin tarayya ne a zunubi, ko da ya ce shi ma turo masa aka yi.

Hukumomin duniya sun farga da wannan haɗari. A shekarar 2018 aka bankaɗo yadda kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutum har miliyan 87 daga Facebook, mafi yawansu ba da saninsu ba. Tarayyar Afirka ta amince da Yarjejeniyar Malabo a 2014, ta fara aiki a 2023. A nan Nijar an kafa doka mai lamba 2017-28 a 2017 domin kare bayanan mutane, tare da hukumar da ake kira HAPDP, sannan doka mai lamba 2022-59 ta maye gurbinta a 2022. An kuma yi doka mai lamba 2019-33 a 2019 kan laifukan da ake aikatawa ta na'ura. Ginshiƙin waɗannan dokoki shi ne: a nemi yardar mutum kafin a tara bayanansa, a yi amfani da su ga abin da aka karɓe su dominsa kaɗai, a tsare su, kuma mai su yana da haƙƙin ya gani ya sa a gyara kuskure. Wannan ya dace da shari'a, don haka kiyaye shi biyayya ce cikin abin da yake alheri.

Wani zai ce: ashe ba a tona asirin mai ɓarna? Imamul Mawardi ya bayyana a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa ko mai hisba ba shi da ikon bin diddigin laifin da aka ɓoye, sai in amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da ba ta gyaruwa in ta auku, kamar kisan kai. In haka ne ga mai hukunci, yaya ga mai zaman majalisa? Wanda aka zalunta ya kai ƙara gaban alƙali ko hukuma, can ne wurin gabatar da hujja.

Saboda haka, ya ku bayin Allah, kada mu buɗe wayar da ba tamu ba. Kada mu ɗauki hoto ko murya sai da izni. Abin kunya in ya iso wayarmu, ya mutu nan. Mu tsare lambobin sirrinmu, kada mu ba wanda ya kira yana cewa mun ci kyauta. Mu koya wa ƴaƴanmu wannan ladabi kamar yadda muke koya musu sallama. Wanda kuwa ya taɓa yaɗa sirrin wani, ya goge abin da ke hannunsa, ya nemi yafewar mai haƙƙi, ya tuba. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi duniya da lahira.

Ya Allah, Ka suturta mu da suturarKa, Ka tsarkake idanunmu da harsunanmu da hannayenmu daga ha'inci, kada Ka kunyata mu ranar da ake bayyana asirai. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.