Yana Ganinka

Karatu: Markus 6:45-52

Muna tsakiyar Tekun Galili da dare, sai matuƙin jirginmu ya kashe inji da fitilu. Ga Tibariya can a jikin tudu, haskenta yana rawa a kan ruwa. Muna ganin garin sarai, su kuwa ba sa ganinmu. Hawaye ya zubo mini, domin na baro ɗana kwance ba lafiya.

A kan ruwan nan almajirai suka yi fama da iska, Yesu yana can tudu, amma ya gan su. Bai iso ba sai wajen asuba. Ɗan'uwa, darenka ya yi tsawo? Ci gaba da tuƙi.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, shigo jirgina yau. Amin.