Gigin Tsufa: Tsohon da Ya Manta da Mai Jinyar da Muka Manta



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata jarrabawa a cikin gidajenmu nan Gure wadda ba mu cika kawo zancenta masallaci ba. Dattijon da ya shekara arba'in a sahun gaba, yau ga shi ba ya gane hanyar gidansa. Tsohuwar da ta reni jikoki tana tambayar ɗan cikinta ko shi wane ne, ta ci tuwo yanzu, an jima ta ce an hana ta abinci. Wannan shi ne gigin tsufa. Alƙur'ani Mai Girma ya ambaci halin a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5. Likitoci kuwa sun tabbatar ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba kowane tsoho ke yin sa ba. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'insa mafi yawa a 1906, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun haura miliyan 55. Saboda haka ba sammu ba ne, ba maita ba ce. Abin takaici, har yau akan sami tsohuwa tana sambatu, a ce wai asirinta ne ya tonu.

Hukuncin tsohon mai sauƙi ne. Duk wanda ya fara Ahalari a zaure ya san umurni a kan mukallafi yake hawa, mukallafi kuwa shi ne baligi mai hankali. In hankali ya gushe an ɗauke alƙalami. Kada a tsawata masa don ya kawo raka'a biyar a La'asar. Sai dai mantuwa ba ta kashe zuciya: yana jin tsawa, yana jin wulaƙanci, kuma a farkon ciwon, lokacin da yake lura abubuwa na suɓuce masa, sau da yawa baƙin ciki mai nauyi kan kama shi.

Tambaya mai wuya tana kan mai jinya. Wace ce ita? Mu faɗi gaskiya: ɗiya ce ko matar ɗa, domin mu maza muna gona, muna kasuwa, ko mun tafi ci-rani Najeriya ko Libiya. Hukumar da muka ambata ta ce kashi 70 cikin 100 na sa'o'in wannan jinya mata ke ɗaukar su. Ita ce ba ta barci don kada tsoho ya fice da dare, ita ke wanke shimfiɗa, ita kuma yake tuhuma da sace masa kuɗin da shi ya ɓoye ya manta. A hankali abinci ya fita ranta, hawaye ya zo ba dalili. Wata rana ta ji zuciyarta ta ce: yaushe wannan abu zai ƙare? Sai tsoro ya kama ta, domin ta san Suratul Isra'i ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye. Mu kuma mu leƙa, mu ce sai haƙuri, akwai lada, mu sa takalmi mu tafi. In ta yi kuka, wani ya ce imaninta ne ya yi rauni.

Wannan hukunci zalunci ne. Annabi Yaƙubu (A.S.) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ba a kuwa cire shi daga masu haƙuri ba. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Abu Zaidil Balhi, wanda ya rasu a 934, ya lissafa baƙin ciki cikin cututtukan rai da ake yi wa magani kamar na jiki.

A ƙasashen Turawa ana gwada wa masu irin wannan jinya wata hanya da Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Masacuset ta Amurka a 1979. Mako 8 ake yi ana koya wa mutum ya zauna ya tattara hankalinsa ga halin da yake ciki, ya bi numfashinsa, in tunani ya zo ya gane cewa tunani ne, ya bar shi ya wuce. Bincike ya nuna tana rage wa masu jinya damuwa gwargwado, musamman na ɗan lokaci. Ga tsofaffin kansu hujjar ba ta yi ƙarfi ba, kuma ba ta warkar da ciwon. Ba za mu ɓoye ba, daga addinin Buda aka tsamo tushenta, ko da yake an cire ibadarsu. A ganinmu zama a natsu ba laifi ba ne, amma wanda ke bakin rijiya ba ya roƙon ruwan alwala. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a cikin Ihya'u kan halartar zuciya da muraƙaba, watau bawa ya lura da abin da ke ɗarsuwa a ransa yana sane Allah na ganinsa. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa an yafe wa wannan al'umma abin da rai ya raya, matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Ashe tunanin nan da ya tsorata mai jinya baƙo ne mai wucewa, ba a rubuta mata shi ba. Ta zauna bayan Asuba da carbinta, in ya zo ta gan shi, ta koma ga zikirinta.

Tsohon ma yana da rabo. Abin da aka haddace a ƙuruciya yakan daɗe bai goge ba. A zauna kusa da shi, a riƙe hannunsa, a ja masa gajerun surori, sau da yawa sai a ji ya kama. A daina yi masa jarrabawar "ka gane ni?"

To amma natsuwa lokaci take so. Masu waccan hanya suna neman wajen minti 45 kowace rana. Wadda ba ta samun sallame salla sai an kira ta, ina za ta samo su? Umurnin kyautata wa iyaye ƴaƴan cikinsu aka yi wa. Matar ɗa in ta yi, kyautatawa ce daga gare ta, ba bashi take biya ba. Ɗan da ke gari ya karɓi kwana. Wanda ke ci-rani ya aiko abin da za a ɗauki mai taimako. Maƙwabtan da ke sahu ɗaya da tsohon su raba yammaci tsakaninsu, su zauna da shi a zaure, ita ta samu ta runtsa. In kuwa rashin barci da ƙin abinci da kuka sun wuce mako 2, ko ta fara zancen gara mutuwa, a kai ta asibitin Gure, in an tura Damagaram a biya mata kuɗin mota.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.